Ranar da Na Shigo Zuru da Fasinja a Bayana

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin mota, rana ɗaya ce ta ƙi fita raina har yau, ranar da na shigo Zuru da fasinjata goye a baya, motar da ta ɗauko mu tana can cikin laka tana kuka. Ku 'yan tasha na yanzu kuna ganina bakin rumfa ina murza goro a magogi, kuna ce mini Kaka, kuna zaton tuwo kaɗai na taɓa sayarwa a wurin nan. To, ku gyara zama. Ni Kulu na san hanyar Kano tun ba a haifi iyayenku ba.

Zamanin Turawa ne, Di'o, Baturen mulki, yana nan, ba a ba mu mulki ba tukuna. Lokacin ne aka fara jin wai mutum yana iya zuwa Makka ta sama ya dawo dawar da ya shuka ba ta fid da kai ba. Da can wanda ya tafi da ƙafa sai a yafe juna, don wani sai ya dawo da furfura, wani kuma shiru ke nan. Amma jirgin ba ya sauka nan, sai Kano, kuma daga Zuru zuwa Kano ba wasa ba ne. A bi ta Rijau, a kwana Kwantagora, a ci gaba, in Allah ya taimaka kwana biyu, in damina ta yi nauyi har uku.

Ubangidana wani ɗan kasuwa ne, ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan cikin gari. Ya sayi wata ƙaramar mota mai dogon baya hannun wani Bature da zai koma gida, ya sa ta haya. Ba mai iya ɗaukar shatarta shi kaɗai, don haka sai a haɗa mutum uku ko huɗu masu zuwa filin jirgi, kowa ya biya kujerarsa. Haɗa su ɗin nan shi ne aikina. Ni ke bin gidaje da rugage in ji wa ke da niyya bana, ni ke faɗin wa zai zauna ina, don ba a haɗa mutum da surukarsa kafaɗa da kafaɗa, ba a kuma sa mai amai tsakiya. Sannan in akwai mace cikin tafiyar, da ni za a je, da ni za a dawo, domin ba namijin da zai miƙa wa direba matarsa ko uwarsa haka kawai. Ni ake miƙa wa. Kulu mai rakiya, haka ake kirana daga Dabai har Mahuta. Ƙa'idata ɗaya ce, hannun da ya ba ni mutum, hannun nan zan mayar wa da shi. Ba bakin hanya ba, ba gindin bishiya ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da motar, don a kansa labarin yake. Ba ta da wurin karen mota, kujerarsa ni na ci. Saboda haka in ta mutu, ko ta kafe a yashi, ko laka ta riƙe ta, fasinja ne ke turawa. Tun kafin mutum ya sa ƙafa nake gaya masa. Malami ya tura, attajiri ya tura, ni ma in ɗaure zani in tura. Direbanmu Salami, Bayarabe ne mutumin Ilori, shi kaɗai ke zama ciki, don shi ke riƙe da sitiyari.

A shekarar da nake faɗa, mutum biyu na kai filin jirgi daga nan. Ɗaya Malam Bawa mai fatu, wanda ke sayen fatar shanu yana kai wa kamfanin Turawa, kuma shi ne uban matar ubangidana. Ku riƙe wannan. Ɗayar kuwa Dada Habi ce, wata tsohuwar Bafillatana daga rugar da ke bayan Manga, uwar Arɗo. Arɗon ɗanta ne na fari, kun kuwa san Fulani da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa. Ranar tafiya ya kawo ta tasha, tana gefe guda tana kallon ƙasa, shi yana wani gefen yana kallon sandarsa. Bai ce mata sauka lafiya ba. Ni ya kira gefe, ya ce, "Kulu, ga ta nan. A hannunki na sa ta, a hannunki nake son in karɓa." Na ce Allah ya ba ni iko.

A tafiya Malam Bawa mutumin kirki ne, ko kuwa in ce tsoron jirgi ya mai da shi mutumin kirki. Furar Dada ya sha har Kano, man shanun da ta ƙunso shi ya lashe rabi. Da muka kafe bayan Rijau shi ya fara tuɓe riga, yana turawa yana salati. Ba ya kiranta sai Inna. Ya ce in jirgi ya faɗi da su, to ta shaide shi gaban Allah mutum ne mai zumunci.

Da lokacin dawowarsu ya yi, aka bugo waya gidan waya, muka ɗauki 'yan kasuwa muka koma Kano. Filin jirgi a lokacin dawowar alhazai kasuwa ce. Mutane sun baje tabarmi ƙarƙashin itatuwa, ana girki, ana wanki, kowa ido a sama. In jirgi ya sauko da rurin nan nasa sai ka ga mata sun toshe kunne, 'yan doka suna kora mutane baya. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa ina kiran Kwantagora, Zuru, don kujera ɗaya ta rage mini. Nan na samu Saje Tanko, tsohon soja mutumin Dabai, yana gadi a filin, ya samu hutu zai je gida noma. Ƙato ne, da na ga damtsensa na ce a raina, ga mai turi Allah ya kawo.

Dada ta fito a rame, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, tana tari. Kayanta ƙunshi ɗaya da gwangwanin zamzam. Na kama ta na zaunar. Sai ga wani mutum cikin farar jallabiya har ƙasa, da makawiya a ka, da baƙin tabarau, yana tafe kamar ƙasa za ta ɓata masa ƙafa. Sai da ya buɗe baki haƙorin Makka ya haska na gane Malam Bawa ne. Na ce, "Malam Bawa, barka da sauka." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wa nake kira. Na ce Alhaji. Ya ce yanzu na yi magana.

Tun daga nan abin ya fara. Akwatunansa sun cika saman mota sun ci rabin baya, mu uku muka matse a sauran, shi yana gaba ya baje. Dada ta daina zama Inna, ta koma tsohuwar nan. In ta yi tari ya leƙa da kai waje ya ce warin nono ya ishe shi, mutumin da fatar shanun Fulani ta kai shi Makka. Sau nawa muka kafe a hanya, ban ƙirga ba, amma ko sau ɗaya bai sauka ba. Ya ce tufafin da suka ga Ka'aba ba za su ga laka ba. Ni da Saje muka yi ta turawa da shi a ciki, ga nauyin akwatuna, ga nauyinsa. Saje ba ya magana, sai dai in ya sa kafaɗa ya ce da ni a hankali, a yaƙin da ya je ma hafsa yakan sauko.

Ashe tun daga Kwantagora Alhaji ya buga waya gida cewa ya ɗauki shatar mota shi kaɗai tun daga filin jirgi, a tanadi makaɗa, a yanka rago, a fito tarya bakin gari. Mu ba mu sani ba.

Da hantsi muka iso kusa da gida. An yi ruwa da asuba, rana ta fito da zafin nan na bayan ruwa. Kun san rafin da ke gaban gari ta wannan hanya, inda gada take yanzu. A lokacin ba gada, gangarawa ake yi a ratsa ruwa a hau tudu, daga kan tudun kuma ana hango duk abin da ke cikin rafin. Muna saura kaɗan mu kai gangaren, har muna jin ganga sama-sama, Alhaji ya ce wa Salami ya tsaya. Ya juyo, bai ko cire tabarau ba, ya ce mu sauka mu ƙarasa da ƙafa, gari ya kusa.

Na zaci zafin rana ne ya taɓa shi. Na ce, "Alhaji, mi ka ce?"

Ya ce jama'arsa suna jiransa, kuma ba zai shiga garinsu matse da mai gadi da mai tallan nono ba, kamar buhun gyaɗa.

Na ce masa kowa a nan kujerarsa ya biya har tasha. Na ce ya dubi ƙafar matar nan. Na ce Arɗo a hannuna ya sa ta, kuma tun da na fara aikin nan ban taɓa ajiye mutum a hanya ba. Ya ce Arɗo ba shi ya sayi motar ba. Ya dubi Salami ya ce ya tuna 'yar wa ke gidan mai motar, in yana son ya kwana da aikinsa.

Salami ya riƙe sitiyari yana zufa. Mutum ne mai 'ya'ya a garin da ba nasu ba, ban ga laifinsa sosai ba, ko da yake ban gaya masa haka ba sai bayan shekaru. Ya ce, "Yaya Kulu, ki yi haƙuri." Ya kuma yi ƙoƙari, ya ce wa Alhaji rafin ya ɗauki ruwa, in ba masu turi motar ba za ta hau ba. Alhaji ya ce motar Bature ce, ya taka ta da ƙarfi kawai.

Ni na riga na yi niyyar ba inda zan motsa, sai dai a ɗauke ni da kujerar. Dada ce ta karya ni. Ban san ta fahimci duk abin da ake faɗa ba, don Hausarta kaɗan ce. Sai na ji tana taɓa ƙofa tana neman yadda ake buɗewa. Na riƙe ta. Ta ce, "Sake ni, ɗiyata. Ba ni zama inda aka ce in tashi." Bafillatana ce, da ta zauna a wulaƙance gara ta mutu a hanya, kuma na san da gaske take. Ta sauka, ta tsaya bisa ƙafafun nan nata tana rawa kamar kara. Saje ya sauka ya ciro ƙunshinta da jakarsa. Gwangwanin zamzam ɗinta yana can sama ƙarƙashin akwatuna, Alhaji ya ce ba lokacin kwance igiya, ta aiko a karɓa. Mota ta tashi ta watsa mana ruwan laka.

Muka tsaya mu uku a rana. Dada ta yi taku kaɗan ta durƙushe. Saje ya ce zai ɗauke ta, ta kau da kai, namijin da ba nata ba ba zai taɓa ta ba, balle tana dawowa daga ɗakin Allah. Ya ce to bari ya ruga gari ya kira mutanenta. Na ce a'a. In Arɗo ya zo ya tarar da uwarsa zaune bakin hanya kamar kayan da aka yar, ni Kulu na gama aiki a ƙasar Zuru, kuma ya kamata in gama. Na kwance mayafina, na durƙusa gabanta, na ce, "Dada, hau." Ta ce ita da ta saba goyon wasu, yau ita za a goya. Na ce yau Allah ya kawo ranar biya. Ta yi 'yar dariya, ta hau. Ba ta fi ɗan maraƙi nauyi ba, ƙasusuwanta suna sukar bayana.

Da muka kai gangaren, me za mu gani? Mota tsakiyar rafi, ƙafafun baya sun nutse, tana ta kuka tana feshin laka, ba gaba ba baya. Salami ya leƙo yana kallonmu kamar maraya. Alhaji yana ciki, ya ɗage jallabiya har gwiwa don ruwa ya fara shiga. Da ya gan mu ya washe haƙorin nan, ya ce, "Saje, ɗan'uwana, a taimaka a ɗan taɓa ta."

Saje ya sauke kaya daga ka, ya ƙame kamar gaban hafsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, fasinja ke turi. Ni mai tafiyar ƙasa ne." Ya mai da kayansa ka.

Ni kuwa na gyara goyona. Na tattare zani na shiga ruwa ta gefen motar, kusa har ina jin ƙamshin turarensa. Ya ce, "Ke Kulu, ba ki ji?" Na ce ina ji, Alhaji, amma hannuna da fasinja.

Muka hau tudu. Jama'a cike, makaɗa, mata da guɗa a baki suna jira, yara bisa itatuwa. Daga inda suke suna hango rufin mota cikin rafi, amma ba wanda ya gangara, don Alhaji ya aiko cewa kowa ya tsaya a sama, yana so a ga shigowarsa. Kun san al'ada, wanda ya dawo daga Makka, kafin ya shiga gida ake rububin taɓa hannunsa a nemi addu'a, don ana cewa addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Mutane sun tsaya tun safe da ƙishirwar wannan albarka. Sai ga Hajiya ta farko ta ɓullo, da farin mayafin Makka, a bayan Kulu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, shi ke nan. Makaɗan da Alhaji ya ɗauko suka juya ganga wajenmu, makaɗi ina ruwansa, inda taro ya nufa nan yake bi. Aka yanyame mu. Wannan ya taɓa hannunta ya shafa a fuska, wannan ta miƙo jariri. Dada tana bisa bayana tana ta addu'a da Fillanci, mutane suna amin ba su san me take cewa ba. Har ruwan sanyin da aka tanadar wa Alhaji ita aka ba.

Arɗo yana can gefe da mutanensa, sun zo da takarkarai don ɗaukar kayanta. Na ratsa taro na je gabansa, na durƙusa, matan rugar suka sauke ta bisa tabarma. Na ce, "Arɗo, ga ta nan. A hannuna ka sa ta." Ya dubi ƙafafunta, ya dubi lakar da ke jikina har cinya, ya dubi rafi. Kafin ya tambaye ni, Saje ya riga ya fara ba da labari da ƙarfi, da Hausa da Dakarci, yaren ƙasar, don kada wani ya ce bai ji ba. Na ga hannun Arɗo ya matse sanda, samarin rugar suka fara matsowa. Na san in aka taɓa surukin ubangidana a ranar, har gaban Di'o za a je.

Dada ce ta kashe wutar. Ba ta dubi ɗanta ba, ta yi magana kamar da iska take yi. Ta ce a gaya wa mai shanun nan ya aika bijimai biyu su jawo motar, zamzam ɗinta yana sama.

Kafin bijimai su gangara, jama'a sun riga su zuwa bakin tudu. Abin da suka gani, wanda ya gani bai manta ba. Alhaji ya gaji da jira, ya sauka, yana bayan mota shi kaɗai, kafaɗa a jikin ƙarfe. Salami ya taka, ƙafar mota ta juya, ta kwashi laka ta yi masa wanka tun daga makawiya har ƙasa. Tabarau ya tafi da ruwa. Tufafin da suka ga Ka'aba suka ga laka har ta ishe su. Ba wanda ya yi guɗa. Yara ne suka fara dariya, iyaye suna kai musu duka suna rufe nasu bakin.

Haka ya shigo Zuru, mota a ɗaure da igiya, bijiman Fulani suna ja, shi yana biye a ƙasa takalmi ɗaya a hannu. Makaɗa sun riga sun raka Hajiya hanyar Manga, inda Arɗo ya yi musu alkawarin ɗan maraƙi. Ragon dai an ci, ni ma an kawo mini, ban ƙi ba.

Washegari ubangidana ya kira ni zaure. Na je da shirin barin aiki. Ya ce in faɗa masa yadda aka yi, na faɗa tun daga filin jirgi, ban rage ba, ban ƙara ba. Surukinsa ne, ba shi da bakin cewa komai a kansa. Ya ja hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi, ya daɗe a haka, sannan ya ce tari ne ya sarƙe shi. Na ce Allah ya sawwaƙe. Na ce ni dai magana ɗaya gare ni, in za a sake sauke fasinjana a hanya don wani ya fi shi riga, to a nemi wata mai rakiyar. Ya ce daga yau, daga tasha har tasha, maganata ce a cikin mota, ko wane ne a gaba. Salami bai rasa aikinsa ba. Alhaji Bawa kuwa ya yi shekaru ba ya bi ta tasha, in zai je kasuwa sai ya zagaya ta bayan masallaci. Dada ta rayu damina uku bayan nan, kuma duk kaka sai ƙwaryar man shanu ta iso ɗakina. Ta ɗan zuba mini zamzam ɗin a kwalba, na ajiye na ranar wankana na ƙarshe.

Abin da ya sa nake ba ku labarin nan, jiya ina zaune na ga ɗayanku, ba zan nuna shi ba, ya san kansa, ya yi juyen wata mata da 'ya'yanta a bakin hanya, don wani mai babbar riga ya ce zai ɗauki shata zuwa filin jirgi. Kuna ganin kun yi wayo. Motocinku yanzu da makulli suke tashi, hanya da kwalta, rafi da gada, shi ya sa kuke zaton fasinja kaya ne da ake saukewa in an samu wanda ya fi tsada. Mu da muka yi aikin lokacin da mota ba ta hawa tudu sai da kafaɗar mutane, mun san wanda ke matse da kai a kujera shi ne zai fid da kai daga laka. Ni ban yi boko ba, ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma duk wanda aka sa a hannuna na kai shi, ko da mota ko ba mota. A cikinku wa zai iya faɗin haka? Ku tashi ku ba ni wuri, ga mota can ta cika tana jiranku.